Yadda Ake Auna Shan Makamashin Tattalin Arzikin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen babur ko mota a hannun dillali ya san cewa bayan an gama duba inji da tayoyi, tambayar da ke biyo baya ita ce ko abin hawan yana shan mai. Mai saye yana son ya san kilomita nawa lita ɗaya za ta kai shi, domin a nan ribarsa ko asararsa take, musamman idan haya zai yi da shi. Irin wannan tambayar ce masana tattalin arziki suke yi wa ƙasa baki ɗaya: makamashi nawa ta ƙona, daga fetur da gas da kwal da itace da lantarki, kafin ta samar da arzikin dala ɗaya? Amsar ita ce abin da zan kira shan makamashin ƙasa. Lissafinsa rabawa ce guda ɗaya wadda ɗan sakandare zai iya yi a bangon littafinsa, amma tattara alƙaluman da suka dace, da gane abin da sakamakon yake faɗa, su ne suke buƙatar natsuwa, kuma a nan ne ake yawan zamewa.

Wannan ma'auni ya samu gurbi a muradun ci gaba masu ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015. Tsakanin 1990 da 2010 shan makamashin duniya yana raguwa da kimanin kashi 1.3 cikin ɗari a shekara, sai aka ce a ninka saurin zuwa kashi 2.6 kafin 2030. A taron sauyin yanayi na Dubai, a watan Disambar 2023, ƙasashe sun sake ɗaukar alkawarin ninka saurin, daga kusan kashi 2 zuwa kusan kashi 4 a shekara. Saboda haka ɗan jarida da ɗalibi da ma'aikacin tsare-tsare duk za su ci karo da wannan adadi, kuma ya fi musu su iya fitar da shi da hannunsu a kan su karɓe shi yadda aka miƙo musu.

Fara da makamashin da ƙasar ta yi amfani da shi a cikin gida

Abin da ake nema da farko shi ne jimillar makamashin da ya shiga hidimar ƙasar a shekara guda, tun yana ɗanyensa. Ana samun sa ta hanyar ɗaukar abin da ƙasar ta haƙo ko ta samar, a haɗa da abin da ta shigo da shi, a cire abin da ta fitar waje, a cire man da jiragen sama da na ruwa masu zirga-zirgar ƙasa da ƙasa suka sha, sannan a daidaita da abin da aka ƙara ko aka ɗiba daga rumbunan ajiya. Kada ka yi kuskuren amfani da abin da aka haƙo kawai. Najeriya tana fitar da mafi yawan ɗanyen manta zuwa waje, Nijar kuma tana fitar da yuraniyum ɗinta, to wannan makamashi a lissafin ƙasashen da suka ƙona shi yake shiga. Hukumar Makamashi ta Duniya da ke Paris, da sashen ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya, da Hukumar Makamashi ta Afirka da ke Aljiyas, duk suna wallafa irin wannan jadawali na shigi da fici na ƙasashe, Bankin Duniya kuma yana da sakamakon da aka riga aka raba. Shawarata ita ce ka zaɓi tushe guda ka tsaya a kansa daga shekarar farko har ta ƙarshe, domin wanda ya auna hatsi da mudu biyu daban-daban ba zai san ko buhunsa ya ƙaru ko ya ragu ba.

Akwai bambanci tsakanin wannan jimilla da makamashin da ya isa hannun mai amfani. Tashar lantarki mai ƙona gas ta tsohuwar fasaha tana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na zafin gas ɗin zuwa wuta, ta zamani mai zagaye biyu, wadda ke sake amfani da zafin hayaƙinta, kuma tana kai wa fiye da rabi, sannan wani kaso ya salwanta a kan wayoyi kafin ya isa gida. Idan ka yi lissafi da abin da ya isa gida kaɗai, duk wannan asarar ta ɓace maka, alhali tana cikin manyan abubuwan da ake son ma'aunin ya tona. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya da jimillar farko yake aiki.

Ko da ka samu adadin daga tushe mai kyau, ka san abubuwan da ya tsallake. Iskar gas ɗin da ake ƙonewa a banza a rijiyoyin mai na yankin Neja Delta ba ta shiga jimillar, domin ƙa'idar lissafin tana ƙirga gas ɗin da aka tace don sayarwa ne. Fetur ɗin fasa-ƙwauri kuwa ya fi rikitarwa. Shekaru da yawa ana loda mai a Najeriya a rubuta shi a matsayin wanda aka sha a cikin gida, amma ya ƙare a jarkoki da kwalabe a bakin titunan Maraɗi da Kwatano da Marwa. Bayan an sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, adadin da hukuma ke bayarwa na shan fetur a rana ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50. Wani ɓangare na wannan raguwa mutane ne suka ajiye motocinsu saboda tsada, wani ɓangaren kuma man da dama can ba a Najeriya ake ƙona shi ba ne. Mai lissafin da bai san wannan ba zai ɗora wa Najeriya shan da ba nata ba, ya kuma rage wa maƙwabtanta nasu.

Mayar da komai ma'auni ɗaya

Ba a haɗa lita da kilo da ganga a tara su, dole sai an mayar da su abu guda, kuma wanda aka fi amfani da shi shi ne megajul. Kilowat-awa ɗaya na lantarki, wato abin da masu mita suke kira yunit ɗaya, megajul 3.6 ne. Litar fetur tana ɗauke da kimanin megajul 33, litar dizal kimanin 36 zuwa 38, kilon gas na girki kimanin 46, kilon gawayi kusan 29, kilon busasshen itace kuma kimanin 15. Yawancin jadawalin ƙasashe ana rubuta su ne da ma'aunin kwatankwacin tan ɗin mai, kuma kowane tan ɗaya megajul 41,868 ne. Wannan adadi na ƙarshe shi ne wanda ya kamata ka rubuta a gefen takardarka.

Ka kuma duba yadda tushenka yake ƙirga wutar da ba a ƙona komai wajen samar da ita. Hukumar da ke Paris tana ƙirga wutar madatsar ruwa irin ta Kainji, da ta hasken rana da ta iska, daidai da lantarkin da suka fitar, amma tana ninka ta nukiliya kusan sau uku, ta zafin ƙarƙashin ƙasa kuma sau goma. Wasu masu ƙididdiga suna tambayar man da za a ƙona da a ce da mai aka samar da wannan wuta, su rubuta wannan. Hanyoyin biyu suna ba da amsa mabambanta ga ƙasa guda a shekara guda.

Batun itace

A ƙasashenmu wannan shi ne sashen da ya fi nauyi, kuma shi ne mafi raunin alƙaluma. Ba wanda yake yanka rasit idan an saro itace a daji, ko an kwaso karan dawa daga gona bayan girbi, ko an tara kashin shanu an shanya. Masu ƙididdiga suna ɗaukar yawan jama'a ne su ninka da kiyasin abin da mutum ɗaya ke ƙonawa, kuma idan aka sauya wannan kiyasi sai adadin ƙasar gaba ɗaya ya motsa. Saboda haka idan ka ga tsalle mai girma daga shekara zuwa shekara a ƙasar da mafi yawan gidajenta da itace suke girki, ka fara zargin sauyin kiyasi tukuna.

Ka tsaya da safe kusa da mai suyar ƙosai ka kalli murhunta da kyau. Duwatsu uku ne, kasko a sama, itace huɗu ko biyar an cuso su ta gefe. Harshen wutar yana lasar gefen kaskon yana fita sarari, iska tana kaɗa shi gabas da yamma, yaran da suka zo saye suna miƙa hannu suna jin ɗumi daga taku biyu, ita kuma tana kare idonta daga hayaƙi da gefen mayafi. Duk zafin da ya ɗumama hannun yaran nan da duwatsun da iskar unguwa an sare shi ne daga daji, kuma ya shiga lissafin makamashin ƙasa, amma bai soya ƙosai ko ɗaya ba. Gwaje-gwaje sun nuna cewa a irin wannan murhu kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na zafin itacen ke shiga tukunya, wato kimanin megajul 2 daga kowane kilo. Murhun gas kuwa yana shigar da kusan rabin zafinsa, wato kimanin megajul 23 daga kowane kilo. Idan ka raba za ka ga kilon gas ɗaya yana yin aikin kilo goma na itace ko fiye, kuma kilo goman nan megajul 150 ne a takarda, a kan 46 na gas. Girki iri ɗaya, amma na itace ya ci makamashi fiye da ninki uku. Gawayi ma bai tsira ba, domin a ramin gargajiya sai an ƙona kilo biyar na itace ko fiye kafin a samu kilo ɗaya.

Wannan ne ya sa za ka ga wasu ƙasashe matalauta da adadi mai girma duk da cewa ba su da masana'antu na a zo a gani. Ƙaramin janareton shago yana ƙara wa lamarin nauyi, domin litar fetur tana ɗauke da kwatankwacin yunit tara na wuta, amma abin da ke fitowa ta soket da wuya ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na hakan, sauran ya tafi a zafi da ƙara da hayaƙi.

Zaɓi adadin arziki da hankali

Abu na biyu da ake nema shi ne jimillar abin da ƙasar ta samar a cikin gida, wanda ake taƙaitawa da GDP, kuma a nan akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, a yi amfani da farashin shekara guda tsayayye, domin idan buhun shinkafa ya ninka kuɗi ba tare da an noma ƙarin ko tiya ɗaya ba, adadin naira zai kumbura amma arziki bai ƙaru ba. Na biyu, idan za a kwatanta ƙasashe, a yi amfani da dalar ƙarfin saye, wadda ake taƙaitawa da PPP, wato wadda take la'akari da cewa abin da dala ɗaya za ta saya a Zinder ya fi abin da za ta saya a Landan. Dalar kasuwar canji tana yaudara ƙwarai. A watan Yunin 2023 aka saki naira, farashin dala ya tashi daga kusan naira 460, kuma a cikin 2024 ya haura 1,500. Wanda ya yi lissafi da wannan dala zai ga shan makamashin Najeriya ya yi tashin gwauron zabi cikin shekara guda, alhali manomi da maƙeri da direba ba su sauya yadda suke ƙona mai da itace ba.

Tarko na uku shi ne sabunta shekarar tushe. A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take auna tattalin arzikin Najeriya da ita daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da harkokin da tsohon lissafi bai kama su yadda ya kamata ba, irin su wayar salula da finafinai. Adadin shekarar 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa kimanin biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Wanda ya raba makamashi da tsohon adadi a shekara ɗaya, ya raba da sabo a shekara mai bi, zai ce ƙasar ta rage shan makamashinta da kusan rabi cikin dare guda, ba tare da an yi tsimin lita ko ɗaya ba. Ghana ta yi irin wannan a 2010, adadinta ya ƙaru da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Maganin shi ne ka nemi jerin shekarun da aka sake lissafa su duka bisa sabon tushe, kada ka ɗinka tsoho da sabo.

Yi rabawar

Mu ƙaddara wata ƙasa, don misali kawai, wadda ta yi amfani da kwatankwacin tan miliyan 50 na mai a shekara, arzikinta kuma dala biliyan 500 na ƙarfin saye. Ka ninka miliyan 50 da 41,868, za ka samu megajul biliyan 2,093. Ka raba da biliyan 500, amsar ita ce megajul 4.19 a kan kowace dala. Matsakaicin duniya a 'yan shekarun nan yana tsakanin 4 da 5 idan da dalar 2017 aka auna, wato dalar ƙarfin saye bisa farashin shekarar 2017, don haka ƙasar misalinmu tana kusa da tsakiya. Ka riƙa rubuta shekarar dalar a gefen amsarka kullum, domin adadin da aka fitar da dalar 2017 ba ya kwatantuwa da wanda aka fitar da dalar 2021.

Adadin shekara guda bai cika faɗin abu mai yawa ba, tafiyarsa cikin shekaru ita ce labarin. Mu ce bayan shekara goma ƙasar tana amfani da tan miliyan 60, arzikinta kuma ya kai biliyan 750. Megajul biliyan 2,512 a raba da 750 ya ba da 3.35, wato raguwar kashi 20 cikin ɗari a shekara goma, ko kimanin kashi 2.2 a kowace shekara. Akwai gajeriyar hanya ta duba wannan: arziki yana ƙaruwa da kusan kashi 4.1 a shekara, makamashi da kusan kashi 1.8, tazarar da ke tsakaninsu ita ce kusan saurin raguwar. Ka lura kuma cewa makamashin da ƙasar ke ƙonawa ya ƙaru da tan miliyan 10 duk da adadin ya sauko, abin da masu rubuta labari suke yawan mantawa.

Tambayi dalilin motsin

Adadin yana iya sauka saboda dalilai da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Akwai tsimi na gaskiya, inda aka yi aiki iri ɗaya da makamashi kaɗan. Ghana ta ba da misali a 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnati ta raba ƙwayayen fitila marasa shan wuta guda miliyan 6 a maimakon tsofaffi, buƙatar wuta a lokacin cunkoso ta ragu da fiye da megawat 100, daga baya kuma ta hana shigo da tsofaffin firji. Ƙasar Sin ta sa wa kanta burin rage shan makamashi da kashi 20 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2010, ta rufe ƙananan tsofaffin tashoshin kwal da masana'antun ƙarfe, ta kuma kusa cim ma burin.

Akwai kuma sauyin irin sana'ar da ƙasa ke yi. Siminti da ƙarfe da taki suna cin makamashi mai yawa a kan kowace dala, banki da sadarwa kuwa kaɗan suke ci. Aislan (Iceland) tana cikin ƙasashe masu adadi mafi girma saboda masana'antun narka alminiyam da sanyi da yadda ake ƙirga zafin ƙarƙashin ƙasa, Trinidad da Tobago kuma saboda masana'antun da ke mayar da gas sinadarai. Ailan (Ireland) tana cikin masu adadi mafi ƙanƙanta, amma a 2015 arzikinta ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a takarda saboda manyan kamfanonin waje sun mayar da rajistar kadarorinsu can.

Na fi damuwa da nau'i na uku, domin namu ne. Lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, tukwanen tururinsu sun daina shan baƙin mai, injunansu sun daina jan wuta, atamfar da ake saƙawa a gida ta koma ana shigo da ita daga Asiya, makamashin saƙa ta kuma ya koma lissafin can. A takarda wannan yana taimaka wa adadin ya sauka, a unguwa kuwa dubban magidanta ne suka rasa aiki. Haka nan asibitin da ke kwana cikin duhu da telan da ya naɗe hannu yana jiran a kawo wuta, duk suna rage makamashin da ake ƙirgawa. Ba daidai ba ne a rubuta irin wannan a matsayin nasara.

Don ka rarrabe waɗannan, ka ajiye wasu alƙaluma biyu kusa da amsarka. Na farko shi ne lantarkin da ke kan kowane mutum a shekara, wanda a Najeriya bai kai yunit 200 ba, da kuma kason jama'ar da ke da wuta, wanda a Nijar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar. Ƙasar da take a wannan matsayi tana buƙatar ƙarin lantarki mai yawa, ko da adadin shan makamashinta zai ɗan tsaya cik na wasu shekaru yayin da take gina masana'antu. Na biyu shi ne ma'aunin kowane sashe da kayan da yake fitarwa, ba tare da an sa kuɗi a ciki ba: megajul nawa a kan tan ɗin siminti, lita nawa a kan kilomita ɗari, kilon itace nawa a kan buhun fulawa a gidan burodi. Faɗuwar naira da sabunta shekarar tushe ba sa taɓa irin waɗannan. Idan adadin ƙasa ya sauka, na sassan ma suka sauka, kayan da ake fitarwa kuma ba su ragu ba, to kana iya rubuta cewa an yi tsimi. Idan na ƙasa ne kaɗai ya motsa, ka koma kan jadawalin arziki da kiyasin itace ka sake bin su shekara bayan shekara har ka gano inda sauyin ya shigo.